Foldar Mashaya

A Kasuwar Monday ta Kakuri, tsakanin mai gyaran waya da wata mai gwanjon takalma, akwai wani ɗan shago da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a cikinsa ba. Nan Comfort Istifanus take tura wa mutane waƙa. Ka kawo memori ko waya, ta cika maka da abin da kunnenka ke so, ka kama gabanka. Shekararta tara a sana'ar, kuma ba ta jin nauyin gaya wa kowa cewa duk kudancin kogin Kaduna babu wanda ya kai ta sanin kunnen mutane.

Abu biyu take taƙama da su. Na farko, sakan goma ya ishe ta ta san gidan kowace waƙa. Da ta danna ta ji kiɗan farko, sai ta ja ta ta jefa inda ta ga ya dace. Kwamfutarta cike take da folda-folda, kowace da sunan da ita ta raɗa mata: Coci, Zumunta, Bege, Nanaye, Indiya, Yare, Direbobi, Sabon Aure, An Yaudare Ni. Can ƙasa kuma akwai wadda ta sa wa suna Mashaya, inda take zuba goge da kukuma da duk wani tsohon kiɗa da ta ji yana warin gidan burkutu.

Na biyu shi ne kwatance. Al'adar masu tura waƙa ce duk memorin da ya shigo hannunsu su kwafe abin da ke ciki kafin su ƙara wani, da haka rumbun kowa yake cika. Ita Comfort ba ta tsaya nan ba. In ta ga katin wannan direba ya yi tarayya da na wancan a waƙa talatin, sai ta ce 'yan uwan kunne ne, ta ɗebo ragowar na ɗaya ta zuba wa ɗayan, kuma da wuya a dawo mata da ƙorafi. Ta san Hajiyar da ke shigowa ta nemi bege da babbar murya, sannan ta sunkuyo ta ce a ɗan haɗa mata da Indiya biyar. Ta san matar faston da ke aiko da kati biyu, ɗaya na mota ɗaya na kicin. Ba ta taɓa tona asirin kowa ba, wannan kam a yaba mata. Amma tana yi musu dariya a ciki, tana ganin ta gama karance mutanen Kakuri tas.

Ana nan, wata Talata cikin damina, hawan jini ya kayar da mahaifinta a tsakar gida.

Baba Istifanus tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya yi shekara ashirin da biyu a gaban injin saƙa kafin a rufe kamfanin. Dattijon ikilisiya ne a Unguwar Romi, irin mutanen da ko tari ba sa yi da ƙarfi ranar Lahadi. Matarsa Rifkatu, uwar Comfort, ta rasu shekara shida da suka wuce, ƙannen Comfort biyu kuma suna Abuja, don haka daga ita sai shi a gidan. Ya yi mako biyu a asibiti aka sallamo shi, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da aka kwantar da shi a ɗakinsa sai ya juya fuska ga bango, ya kuma rufe baki ga abinci. Kunu, shayi, faten acca da ya fi so a duniya, duk ya ƙi. Ruwa kaɗai yake ɗan kurɓa, shi ma sai ta yi ta roƙo.

Ranar Laraba nas ɗin da ke zuwa duba shi ta ja Comfort waje.

"Maƙogwaronsa lafiya lau, na gwada," ta ce. "Zuciyarsa ce ta ƙi. In ya kai Litinin bai ci ba, dole mu mayar da shi a sa masa roba ta hanci. Irin su Baba kuma, in aka kai ga roba, ba kasafai suke son tashi ba."

Comfort ta jingina da bango.

"Ba ke ce mai waƙa ba?" nas ɗin ta ce tana saɓa jaka. "Sa masa abin da yake so mana. Na sha ganin tsofaffin da waƙa ta dawo da su."

Maganar ta yi wa Comfort daɗi, don tun da Baba ya faɗi ba a sa ta wani abu da ta iya ba sai yau. Ta buɗe kwamfuta ta tsinto mafi kyawun abin da ke foldar Coci, tsofaffin waƙoƙin littafi da ake rerawa a hankali, ta sa a ƙaramar sifika ta ajiye masa a gefen filo. Bai motsa ba. Ta canza zuwa Zumunta, muryoyin mata da kiɗan tulu, irin wanda uwarta ta yi shekaru tana jagoranta. Nan ya miƙo hannun hagu a hankali, ta ɗauka zai jawo sifikar kusa, ashe ture ta zai yi. Ta faɗi ƙasa, murfin batir ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin gado.

Ranar Alhamis ta gwada Yare, waƙoƙin Bajju na can gida, da ƙaho da ganga. Ya ja bargo ya rufe kai. Sai ta koma ga dabarar da ba ta taɓa ba ta kunya ba. Ta tuna Baba Yakubu, abokin dattijancinsa a coci, sa'ansa, kuma ƙauyensu ɗaya. Tana da kwafin katinsa. In akwai ɗan uwan kunnen Baba a duniya, ai shi ne. Ta juye katin kaf, waƙa saba'in da wani abu, ta bar shi yana ta juyawa tun safe har la'asar. Baba ya yi kwance kamar buhun masara da aka jingine, ido a rufe, hawaye yana bin gefen da ya shanye.

Ta fita bayan ɗaki ta yi kuka mai isarta. Haushi take ji, kuma ba ta san da wa ba. Ko kaɗan bai zo mata a rai ba cewa katin Baba Yakubu ta gani, na ubanta kuwa ba ta taɓa gani ba. Da shekarunsa da cocinsa da ƙauyensa ta auna shi.

Ranar Juma'a da hantsi tana canza masa zanen gado, Littafi Mai Tsarkinsa ya zame daga ƙarƙashin filo ya faɗi. Zik ɗin jakar Littafin ya daɗe da lalacewa. Wata 'yar takarda a nannaɗe ta faɗo daga aljihun ciki, ta warware, sai ga memori.

Ta tsaya tana kallonsa a tafin hannunta. Baba da memori? Shekara tara 'yarsa tana wannan sana'a, bai taɓa miƙo mata kati ya ce ta sa masa ko waƙa ɗaya ba. Ta saci kallonsa, idonsa a rufe. Ta fita falo ta soka katin a kwamfuta.

Waƙa shida ne kacal. Tsoho 1, Tsoho 2, har zuwa Tsoho 6.

Ta san sunayen nan, da yatsunta ta rubuta su. Shekara huɗu da suka wuce wani tsoho mai wankin hula daga Makera, Malam Shehu, ya kawo mata kaset ƙunshe a hankici ya ce ta mayar masa da shi kan memori. Ta mayar, ta danna, ta ji goge ya yi kukan farko, ta ja duka shidan ta jefa a Mashaya. Daga baya suka yi musayar rumbu da Benjamin, mai tura waƙa a bakin titin Romi, kamar yadda suka saba duk ƙarshen shekara. Ke nan wurin Benjamin Baba ya je, layi biyu daga gida, ya karɓo abin da ya fito daga hannun 'yarsa.

Sai ta tuna wata rana da ruwa ya tsare shi a shagonta, yana zaune kan benci da lemarsa tsakanin gwiwoyi. Tana cika wa wani direban tipa kati, ta danna ɗaya daga cikin waɗannan don ta tabbatar yana yi. Baba ya ɗago kai da sauri.

"Wannan fa?" ya ce.

Ta yi dariya. "Baba, wannan ba layinku ba ne. Na mashaya ne, ga sunan ma a jiki."

Ya ciro tabarau ya sa, ya leƙa fuskar kwamfutar, ya karanta a hankali. Ya ce, "To." Ya cire tabarau ya ci gaba da kallon ruwa.

Comfort ta sa abin kunne ta danna Tsoho 1. Goge ya ɗauka, ƙwarya ta bi shi, ga hayaniyar mutane da shuu ɗin tsohon kaset. Da sakan goma ya cika yatsanta ya tafi da kansa zai kashe, ta janye shi. Mawaƙin yana da murya a dushe, yana bin ma'aikatan masaƙa ɗaya bayan ɗaya yana wasa su, na ɗakin rini, na ɗakin zare, mai gadin ƙofa da ba ya barin a fita da ko ƙyalle. A minti na bakwai gogen ya sassauta, muryar ta ce:

"Istifanus na layi na huɗu, zarenka ba ya tsinkewa. Angon Rifkatu mai ƙosai, taso ka taka, amarya na jiranka."

Mutane suka ɗauki sowa. Cikin sowar, wata mace ta yi dariya kusa da rediyon da ke ɗauka, dariya mai tsawo da ke ƙarewa da ɗan tari. Comfort ta cire abin kunnen ta rufe baki da hannu biyu. Shekara shida rabonta da jin dariyar nan ta uwarta, ashe shekara huɗu daga ciki tana zaune a kwamfutarta, ƙarƙashin sunan da ta sa mata. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Waƙa ta fi ɗari huɗu a foldar nan, ba ta san ko iyayen su wa ke ciki ba.

Ta miƙe da katin za ta shiga ɗakin, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Mutumin nan ɓoyewa ya yi. A cikin Littafi ya ɓoye, inda ya san ba mai taɓawa. In ta shiga ta kunna masa yanzu, ta gaya masa ke nan ta gano, ita da ta riga ta faɗa masa ko na su wane ne. Yana kwance ba bakin kare kansa. Tana iya ƙarasa shi da kunya maimakon ta tashe shi. Ta lallaɓa ta mayar da Littafin ƙarƙashin filo, ta riƙe katin, ta wuni tana juya abin a ranta. Ranar ma bai ci komai ba.

Asabar da safe ta roƙi maƙwabciya ta zauna da shi, ta hau keke zuwa Makera. Ba ta sha wuyar samun Malam Shehu ba. Yana gindin wata ɗorawa da baho biyu a gabansa, huluna jere a kan gwangwanaye suna jiran rana ta leƙo. Siririn tsoho ne mai farin gemu, hannayensa sun yi fari fat saboda sabulu.

"A'a, mai waƙa ce yau a unguwarmu? Lafiya dai?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba, kaset ɗin nan da ka taɓa kawo mini. Akwai wani Istifanus a ciki."

Ya waiga dama da hagu kafin ya amsa, ya kuma rage murya. "Akwai. Na layi na huɗu. Me ya faru?"

"Babana ne."

Burushin ya tsaya a hannunsa. Ya daɗe yana kallon fuskarta, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ga goshin Rifkatu kuwa, ni ne ban duba ba. Ke ce wadda aka haifa shekarar da ruwa ya cinye gadar layin dogo? Ni na kai wa uwarki itacen wanka a kan kekena." Ya ture mata kujera da ƙafa. "Zauna, 'yata. Yana raye?"

Ta gaya masa komai, har da maganar roba, har da abin da ta ce wa Baba ranar da ruwa ya tsare shi. Ba ta rage wa kanta ko kaɗan ba. Malam Shehu ya saurara yana matse wata hula da ta riga ta matsu.

"Injina yana kallon nasa," ya ce. "Shekara goma sha tara. Ƙarar wurin ba ta barin a yi magana, da ido muke hira. Ran Asabar in an tashi ƙarfe biyu sai mu wuce wani gida bayan layin dogo, inda Bawa Ɗan Ladi ke goge. Ana shan burkutu a wurin, ba zan ɓoye miki ba. Ni kunun zaƙi nake sha. Ubanki ma haka, sai dai ranar albashi ba zan rantse masa ba." Ya yi ɗan murmushi. "Uwarki tana suyar ƙosai a ƙofar gidan. Wata uku yana sayen ƙosan da ba ya ci, ni nake cinyewa. Wannan kaset da rediyona na ɗauka, Asabar ɗin da ta biyo bayan aurensu."

"Shi bai da nasa?"

"Yana da shi. Da aka naɗa shi dattijo a cocinku ya kawo mini ya ce in riƙe, kada a gani a ɗakinsa. Daga baya kamfani ya mutu, rikici ya zo, kowa ya bi nasa. Ya koma Romi, na tsaya nan. Tafiyar minti ashirin ce a keke, mun fi shekara ashirin ba mu yi ta ba."

"Ni na hana shi tambayata," Comfort ta ce.

"Ke kaɗai? Ai kafin ke an yi da yawa." Ya cire hular kansa, ya zaro memori daga cikin naɗin, ya nuna mata. "Kin ga inda nawa yake kwana. Ni ne ladanin masallacin can. In 'ya'yana suka ji goge a ɗakina, cewa za su yi tsoho ya lalace. Naku sun ce na mashaya ne, namu sun ce na 'yan bori ne. A nan dai bakinku da namu ya zo ɗaya."

Ta ciro na Baba ta ajiye kusa da nasa a tafin hannunta. Shida a nan, shida a can, ba ƙari ba ragi. Shekara tara tana kwatanta katin mutane, ba ta taɓa ganin biyu da suka dace haka ba, kuma da an ba ta shekara tara nan gaba ba za ta haɗa dattijon Romi da ladanin Makera ba.

"Baba, za ka zo?"

Malam Shehu ya kira maƙwabcinsa mai faci ya ce ya kwashe masa huluna in hadari ya taso, ya ɗauraye hannu, ya shiga gida ya fito da riga mai tsabta.

Sun iso Romi bayan ya tsaya ya yi azahar a hanya. Comfort ta dama kunun gyaɗa ta zuba a kwano biyu, ta bi shi da tire zuwa ɗakin. Baba Istifanus yana yadda ta bar shi, fuska ga bango, ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito ta cikin singileti.

Malam Shehu ya tsaya a bakin ƙofa. "Salamu alaikum, Layi na Huɗu."

Kafaɗar ta motsa. A hankali, da ƙyar, kan ya juyo. Idon hagu ya buɗe sosai, ya tsaya a kan farin gemun, ya sauka, ya sake hawa.

"Eh, ni ne. Na tsufa, kai ma ba ka yi kyau ba." Ya ja kujera ya zauna dab da gadon, ya kama hannun mai lafiyar ya riƙe. "An ce mini ka yi zuciya da abinci. Kai da kake cinye tuwona in na je salla."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Baba, ba magana ba, ba kuka ba. Malam Shehu ya cire hula, ya zaro katinsa, ya miƙa wa Comfort. Ta sa a sifika, ta ajiye a kan gadon.

Goge ya ɗauka.

Jikin Baba ya ƙame. Idonsa ya bar abokinsa ya koma kan 'yarsa, kuma abin da ta gani a ciki shi ne abin da ta ji tsoro, kunya ce tsagwaronta, ta tsoho da aka kama. Ta ajiye tiren ta durƙusa a gaban gadon.

"Baba, na ji har ƙarshe. Na ji sunanka, na ji dariyar Mama. Ban saurara ba na yi magana. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya lumshe ido, ya bar kansa ya koma kan filo. Mawaƙin yana ta bin mutanen ɗakin rini, Malam Shehu yana cewa wannan ya rasu, wannan yana Kakau yana noma, wannan har gobe bai daina ƙarya ba. Comfort ta lura da yatsun hagun Baba a kan bargo. Manuniya ce ta fara, tana ɗagawa tana sauka tare da ƙwarya. Da aka zo minti na bakwai gogen ya sassauta, leɓensa ya yi ta kokawa, har ya fitar da rabin suna.

"Rif..."

Dariyar ta fito daga sifika, mai tsawo, ta ƙare da ɗan tari. Gefen bakinsa mai rai ya ɗaga.

Daidai nan aka buga ƙofar gida. "Salama, masu gida!" Muryoyin mata ne, da yawa. Comfort ta manta sarai cewa Asabar ƙarfe huɗu matan Zumunta suke zuwa yi wa Baba addu'a.

Hannun Baba ya bar bargo ya shiga lalube a kan gado, yana neman sifikar da gaggawa, yana ture filo. Malam Shehu ma ya mayar da hularsa ya gyara zama kamar ba shi ya kawo ba. Tsofaffi biyu, kowanne ya ba sittin baya, sun rikice kamar an kama su da satar mangwaro. Comfort ta ji tausayinsu har cikin ƙashinta. Yatsun Baba suka sami maɓallin, ta ɗora hannunta a kan nasa.

"Bar shi, Baba. Ɗakinka ne."

Ta ɗaga murya ta ce su shigo.

Su biyar ne cikin anko, Mama Lizzy shugabarsu a gaba da littafin waƙa a hammata. Suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Wata mai ƙuruciya a cikinsu ta dubi sifikar, ta dubi baƙon mai hula, ta taɓe baki.

"Sista Comfort, wane irin abu ne wannan a ɗakin dattijo? Mara lafiya fa."

"Waƙar auren iyayena ce," Comfort ta ce. "Ita yake so. In an gama sai mu yi addu'a."

Mama Lizzy, wadda ta girmi kowa a ɗakin, ta karkata kai tana saurare, goshinta a tattare. Can ta sauke littafin daga hammata, ta nemi bakin akwati ta zauna da nishi.

"Bawa ne wannan," ta ce, ba tambaya take ba. "Ni nake riƙe wa Rifkatu matsamin ƙosai in ta shiga rawa. Ku zauna mana, kun tsaya wa mutane a kai."

Suka zauna, mai taɓe bakin ma ta zauna, ko da yake bakin bai koma daidai ba. Hannun Baba ya saki maɓallin a ƙarƙashin na Comfort.

Malam Shehu ya jawo tiren ya ɗauki kwano ɗaya, ya shinshina, ya mayar ya ajiye.

"Istifanus, tun karin safe ban sa komai a cikina ba, kuma ka san ni da yunwa. Amma ban taɓa cin abinci a gidan mutum mai gida yana kallona ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. In ka ƙi, haka zan koma Makera, a ce na zo gidanka an bar ni da yunwa."

Baba ya dube shi, ya dubi kwanon. Comfort ta tallafo kansa ta ƙara masa filo, ta ɗebo kunu rabin cokali ta kai bakinsa. Tun da aka sallamo shi cokalin nan yake dawowa yadda ya tafi. Leɓen ya tsaya a rufe. Gogen yana ta yi.

Sai ya buɗe.

Rabi ya shiga, rabi ya bi gefen da ya shanye, ta share da gefen zaninta. Ta ga maƙogwaron ya motsa. Malam Shehu ya ce bismilla ya ɗaga nasa kwanon ya kurɓa da ƙara. Mama Lizzy ta ce, "Mun gode, Yesu," a hankali, ƙafarta kuwa ba ta daina bin ƙwarya ba.

Ya sha cokali shida. A na bakwai ya kau da kai ya rufe baki, Comfort ta tsaya da cokalin a hannu. Sai ta ga yatsansa yana nuna sifikar. Waƙar ce ta ƙare, ta biyu tana shirin shiga, shi kuwa ta farkon yake so.

Ta mayar da ita farko. Kafin ta ɗebo wani cokalin, ya riga ya buɗe baki yana jira.